Jiragen yaƙi a bakin tekun wasu: wa ke bin bahasi?

Malamin Tarihi (Unguwar Rogo):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san wani zai ce me ya haɗa mutumin Jos da maganar teku, mu da ke zaune a kan dutse. Ku daure ku karanta. Ranar 22 ga Mayu 2025 Birtaniya ta sa hannu a yarjejeniyar miƙa wa Morishus tsibiran Chagos da ke tsakiyar Tekun Indiya, amma ta riƙe mafi girmansu, Diego Garcia, a matsayin haya ta shekara 99, saboda sansanin sojin ruwa da na sama da ita da Amurka ke da shi a wurin. Kuɗin hayar da aka amince a yarjejeniyar ya kai kimanin fam miliyan 101 a shekara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen tsibiran. A 1965 Birtaniya ta yanke Chagos daga Morishus, shekara uku kafin ta ba ta 'yanci. Daga 1968 zuwa 1973 aka kwashe mazauna wurin kaf, mutum 1,500 zuwa 2,000, aka zube su a Morishus da Seychelles don a share wa sansani fili. Har karnukansu aka kashe. A 2019 Kotun Duniya ta ce riƙon da Birtaniya ke yi wa tsibiran ba ya bisa ƙa'ida, ƙasashe 116 suka goyi bayan hakan a Majalisar Ɗinkin Duniya, shida kawai suka ƙi. Yau ga yarjejeniya an yi, amma Diego Garcia ɗin dai ba a yarda su koma su zauna ba. Tambayata: idan gwamnati ta kai jiragen yaƙinta da sojojinta wani wuri mai nisa da idon 'yan ƙasarta, wa ke bin bahasin abin da ta yi a can? Kuma mu a Najeriya, da muka sha tura 'ya'yanmu ƙetare, wa ya taɓa ba mu bahasi?

Alhaji na Katako:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sani. Amma gaskiya ni ban ga namu a ciki ba. Mutanen Mangu da Bokkos da Barikin Ladi ba su yi barci da ido biyu ba, hanyar Saminaka sai da addu'a, mu kuma mu zauna muna lissafin tsibirin da ko a taswira sai an sa tabarau. Mu fara kashe wutar gidanmu tukuna.

Malamin Tarihi (Unguwar Rogo):
Alhaji, wutar ɗaya ce. Gwamnatin da ta saba yin abu a ƙetare ba tare da an tambaye ta ba, haka za ta yi a gida. Kuma iyayenmu ba su ɗauki irin wannan a matsayin maganar nesa ba. A watan Fabrairu 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Da ta yi na uku a ƙarshen Disamba na shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairu 1961, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa shiga tashoshinmu. Ƙasa mai wata uku da samun 'yanci ke nan. Tsoron da ake yi shi ne iskar hunturu da ke taso mana daga Sahara ta kwaso gubar ta sauke a kanmu. Sannan a 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Birtaniya bayan ɗalibai da 'yan adawa sun tayar da ƙura a kanta. A lokacin ba wanda ya ce ai maganar manya ce.

Baba Samanja (Hanyar Rukuba):
Malam, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ba a littafi na karanta ba, da ƙafata na taka. Muna cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen ECOWAS. Rukunin farko sun sauka tashar jiragen ruwa ta Monrovia a watan Agusta 1990, kuma ta ruwa aka kai su, ana saukowa ana jin harbi. Da yawanmu yaran Arewa ne da ba mu taɓa ganin teku ba sai ranar da aka loda mu. Wasu tun a hanya amai ya galabaitar da su, ko iyo ba su iya ba, ba kuma wanda ya tsaya ya koya mana abin da za mu yi idan jirgi ya sami matsala. An ce mana aikin kwantar da tarzoma ne na ɗan lokaci. Muka tarar da yaƙi sosai.

Ba na nadamar aikin. Mun ceci rayuka, Allah shaida ne, kuma har gobe akwai 'yan Laberiya da ke sa wa Najeriya albarka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yau ba a fito an karanta wa 'yan ƙasa sunayen duk waɗanda muka bari a can ba. Akwai abokina, ɗan wajen Shendam, Kirista ne, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. A gabana ya faɗi. Da na dawo na je gaishe da mahaifiyarsa, sai na tarar ita har lokacin jira take ya dawo hutu. Ni na gaya mata. Wannan aikin nawa ne?

Maman Yara (Rikkos):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Na san wannan zafin. Maigidana a Saliyo ya rasu. Ina da goyo aka ce mu tashi daga ɗakin bariki. Na yi ta zarya wani ofishi a Abuja da takardu a leda, yau a ce fayil bai zo ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Haƙƙin ya fito daga baya, ban ce bai fito ba. Amma abin da na fi so ban samu ba: a gaya mini yadda ya rasu da inda aka binne shi. Yaron da nake goyo a lokacin yanzu shi ma magidanci ne, yana tambayata, ba ni da amsa.

Ɗalibin Naraguta:
Allah ya jiƙansa, Mama. Baba, don Allah ina da tambaya. A wancan lokacin majalisa ba ta ce komai ba ne?

Baba Samanja (Hanyar Rukuba):
Wace majalisa, ɗana? Laberiya a zamanin Babangida aka shiga, Saliyo a zamanin Abacha. Umarni ne daga sama, ka ɗaure takalmi ka hau mota.

Barista 'Yar Gangare:
Gaskiyar Baba ce, kuma shi ya sa kundin tsarin mulkin 1999 ya yi magana a kai ƙarara. Sashe na 5, ƙaramin sashe na 4, ya ce ba za a tura ko soja ɗaya fagen yaƙi a wajen Najeriya ba sai da amincewar Majalisar Dattawa tun kafin a tura. Ƙaramin sashe na 5 ya buɗe wata ƙofa: idan shugaban ƙasa ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta kurkusa, zai iya turawa bayan ya tuntuɓi majalisar tsaro ta ƙasa, amma dole cikin kwana 7 da fara faɗa ya nemi yardar sanatoci, su kuma su amsa cikin kwana 14. Sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 88 da 89 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani.

To a takarda ba mu da talaucin doka. Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar fagen yaƙi. Sai a tura soja a ce aikin wanzar da zaman lafiya ne, ko horarwa, ko sintiri, shi ke nan an kewaye sanatoci. A Janairu 2017, lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka, Najeriya ta tura jirgin ruwan yaƙi NNS Unity da jiragen sama wajen Gambiya. Wani sanata ya miƙe a zaure ya yi ƙorafin ba a nemi izininsu ba. Allah ya taimaka Jammeh ya fita ba a zubar da jini ba, maganar ta bi ruwa. Da an yi asarar rayuka fa?

Alhaji na Katako:
Barista, waɗannan sanatocin ne za su bi mana bahasi? Ni dai ban taɓa ganin sun ce a'a ga wani abu da fadar shugaban ƙasa ta kawo ba.

Barista 'Yar Gangare:
Sun taɓa, Alhaji, kuma ba da daɗewa ba. A Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, da ECOWAS ta ba da wa'adin amfani da ƙarfi, sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi, Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Me ya sa suka yi haka? Saboda malamai da sarakuna da 'yan kasuwa da talakawa daga Sakkwato har Borno sun yi magana da murya ɗaya. Da jama'a sun yi shiru, su ma shiru za su yi. A 2007 ma majalisar ta ce miƙa Bakassi ga Kamaru bai bi sashe na 12 ba, sai dai ta yi maganar ne bayan an riga an sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kuma kammala miƙawa a Agusta 2008. Ihu bayan hari ke nan. Masuntan Bakassi da aka ce za a tsugunar, je ka tambayi halin da suke ciki.

Ƙanin Sojan Ruwa (Bauchi Road):
Ina karantawa tun ɗazu, kuma zuciyata ba ta yi daɗi ba. Yayana sojan ruwa ne, ya yi aiki a Neja Delta, ya yi a Baga a bakin Tafkin Chadi. Mutane na zaune a inuwa suna cewa a fito da bayani, a fito da bayani. Kun san cewa abin da aka faɗa a majalisa yau, gobe yana kunnen 'yan ta'adda? Akwai sirrin da idan ya fita rayuka ne za su tafi. Kuma a riƙa yi wa sojojin ruwanmu adalci. Shekarun baya mashigin tekun Gini shi ne wurin da aka fi sace ma'aikatan jirgi a duk duniya. Aka yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, aka ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, a 2022 aka cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin ya yi ƙamari. Wannan ba da surutu aka same shi ba.

Baba Samanja (Hanyar Rukuba):
Ɗana, Allah ya tsare yayanka, ya dawo muku da shi lafiya. Ni soja ne, na fi ka sanin darajar sirri. Ba wanda ya ce a faɗi ranar da jirgi zai tashi ko hanyar da zai bi. Amma sunan mamaci ba sirri ba ne. Kuɗin alawus ɗin soja ba sirri ba ne. Ko rigar kariya ta isa ko ba ta isa ba, bayan an gama aiki, ba sirri ba ne. Wannan rufa-rufar ba yayanka take karewa ba, wanda ya ci kuɗin takalminsa take karewa.

Ka tuna yaran Akure? A Yuli 2008 sojojin da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka fito titi saboda an taɓa musu alawus. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka rage zuwa shekara bakwai. Ban ce soja ya tare hanya daidai ne ba, doka ta hana, kuma sun san ta hana. Amma da akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa a saurare su, da ba su fita titi ba.

Ƙanin Sojan Ruwa (Bauchi Road):
Na ji, Baba, kuma ban isa in yi musu da kai a kan wannan ba. Tsorona dai 'yan siyasa ne. Su kira hafsa gaban kyamara su ci masa mutunci don a gan su a talabijin, ƙarshenta a sasanta a bayan fage. Wannan ba bin bahasi ba ne.

Malamin Tarihi (Unguwar Rogo):
Tsoronka na kan hanya. Amma dubi yadda abin ke tafiya inda ake matsa wa gwamnati lamba. A 2017 jiragen ruwan yaƙin Amurka biyu, Fitzgerald da John S. McCain, suka yi karo da jiragen dakon kaya, ɗaya kusa da Japan, ɗaya kusa da Singafo. Sojojin ruwa 17 suka mutu. Aka sauke kwamandan rundunar jiragen ruwan Amurka ta bakwai gaba ɗaya, aka buga rahoton bincike kowa ya karanta: gajiya, ƙarancin horo, sakaci a wurin tsaron dare. A ɓangaren Birtaniya kuwa, jirginta na saman leƙen asiri samfurin Nimrod ya kama wuta a sararin Afganistan a 2006, mutum 14 suka mutu. Rahoton da ya fito a 2009 ya ambaci sunayen manyan hafsoshi da kamfanoni, ya ce an fifita tsimin kuɗi a kan lafiyar mutane. Iyayen mamatan ne suka ƙi yin shiru har aka kai ga haka. Kuma rundunonin nan ba su rushe don an faɗi gaskiya ba.

Sai dai ku lura da wani abu, shi ne ainihin abin da ya sa na buɗe wannan magana. Waɗannan ƙasashen suna yin haka ne idan mamacin ɗansu ne mai ƙuri'a. Idan ɗan tsibiri ne, labari ya sha bamban. Sojojin ruwan Amurka sun yi shekara kusan 60 suna gwajin bama-bamai a Vieques, wani tsibiri na Puerto Rico da mutane ke zaune a kansa. Sai a Afrilu 1999 da bam ya kauce ya kashe wani mai gadi farar hula, David Sanes, jama'a suka mamaye filin gwajin, aka yi ta kama su, kafin sojojin suka fice a 2003. Mutanen Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne, amma mazauna can ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisa kuma ba ya kaɗa ƙuri'a a kan doka. Faransa, bayan ta bar Aljeriya, ta koma tsibiran Polinesiya ta yi gwaji 193 daga 1966 zuwa 1996. Dokar biyan diyya sai a 2010 ta fito. A Jibralta, wani jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai amfani da nukiliya, Tireless, ya sami tsagewa a bututun sanyaya injinsa a shekarar 2000, aka ajiye shi a tashar garin kusan shekara guda ana gyara, mutanen garin da maƙwabtansu na Sifaniya suna ta zanga-zanga. Diego Garcia kuwa, gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana musanta cewa Amurka ta bi da fursunonin sirri ta wurin, sai a 2008 ministan harkokin wajenta David Miliband ya tsaya a majalisa ya amsa cewa jirage biyu sun sauka shan mai a 2002. Sansani a ƙasar da kake iko da ita, amma ba ka san abin da baƙonka ke yi a ciki ba.

Injiniya (Bukuru):
Malam, mu a Filato ba sai an kai mu tsibiri ba kafin mu gane wannan karatun. Ku fita Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, ku ƙirga kududdufan da kamfanonin haƙar kuza suka bari. A lokacin yaƙin duniya na biyu an tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin kuza saboda Birtaniya na buƙatarta, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Da kasuwa ta faɗi, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Ramukan suna nan suna cin yara da dabbobi duk damina, tarin ƙasar da aka wanke kuma masana sun daɗe suna gargaɗi a kan tiririn radiyeshin mai cutarwa da ke cikinta, mutane na ɗiba suna gini. Wanda ya ci riba ya tafi, wanda ya gaji ramin bai san ofishin da zai kai kuka ba. Sansanin soja na baƙi haka yake, sai dai shi nasa ramin har da harsashin da bai fashe ba.

Ɗalibin Naraguta:
To ai Nijar ta nuna hanya. Ta kori Faransa a ƙarshen 2023, ta soke yarjejeniya da Amurka a Maris 2024, kafin ƙarshen Satumba sojojin Amurka sun bar Yamai da Agadas. Mu ma abin da ya kamata mu tsaya a kai ke nan: ba sansanin kowa a ƙasarmu.

Barista 'Yar Gangare:
Ƙanena, na yarda da rabin maganarka. A Mayu 2024 wasu dattawan Arewa da masana, ciki har da Farfesa Attahiru Jega, sun rubuta wa shugaban ƙasa da shugabannin majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa kada a karɓi sansanonin da aka kora daga Sahel, ministan yaɗa labarai ya fito ya ce babu wannan maganar. Wasiƙar ta yi amfani, don ta tilasta wa gwamnati yin magana a bainar jama'a. Amma korar wani baƙo ba ita ce bin bahasi ba. Nijar ta kori waɗancan ta karɓi Rashawa. Ɗan Nijar ya ga takardar da aka sa wa hannu da su? Akwai majalisar da ta tattauna ta? Idan duhu ne matsalar, canza baƙo bai kawo haske ba. Ko a Amurkar ma, da aka kashe sojojinta huɗu a Tongo Tongo a Oktoba 2017, wasu manyan sanatocinta cewa suka yi ba su san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Sojojin Nijar da suka mutu tare da su a ranar kuwa, ba kowa ke tuna su ba.

Baba Samanja (Hanyar Rukuba):
Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma tunda Malam ya lissafo na Turawa, adalci ne a lissafo namu. Laifi tudu ne. Ranar 2 ga Yuni 1997, mako guda bayan Johnny Paul Koroma ya kifar da shugaba Tejan Kabbah, jiragen ruwan yaƙinmu suka yi luguden wuta a kan Freetown, babban birnin Saliyo. Gari ne cike da mutane a bakin teku. Fararen hula sun mutu, kuma a ranar aka fi ƙarfin sojojinmu da ke otal ɗin Mammy Yoko, aka kama wasu. A Janairu 1999 da 'yan tawaye suka shiga birnin suna yanke hannuwan mutane, yaranmu sun yi jarumtaka wajen korarsu, amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta cewa an harbe wasu da aka kama ba tare da shari'a ba. A wurin mutumin Freetown da harsashin jirginmu ya faɗa gidansa, mu ne Turawan. Wa ya je ya ba shi haƙuri?

Barikin da ke bayan gidana sunan Maxwell Khobe yake ɗauke da shi, wanda ya jagoranci ƙwato Freetown a 1998, ya rasu a 2000. Jarumi ne, ya cancanta. Amma ƙasar da ta san ta sa wa bariki sunan janar, ya kamata ta san sunan kofur ma.

Ƙanin Sojan Ruwa (Bauchi Road):
Baba, wannan maganar ta yi mini nauyi. Amma a yaƙi ai ba a rasa irin haka.

Baba Samanja (Hanyar Rukuba):
Ba a rasawa, shi ya sa ake bincike bayan an gama, don wanda zai je gobe kada ya maimaita. A Haskanita ta Darfur, ƙarshen Satumba 2007, cikin azumi, 'yan tawaye suka afka wa sansanin sojojin Tarayyar Afirka, aka kashe 'yan Najeriya bakwai. Su an kawo su gida an yi musu jana'izar girmamawa a Abuja, na yaba da wannan. Abin da nake so in ji shi ne wa ya ajiye ƙaramin sansani a tsakiyar wuta ba tare da isasshen ɗauki ba, kuma me aka gyara bayan nan.

Alhaji na Katako:
Duk na ji, kuma jikina ya yi sanyi da maganar Baba da ta Maman Yara. Amma ni ɗan kasuwa ne, ina tambayar riba. Tudun Biri a nan maƙwabta take, Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojojinmu ya kashe masu Mauludi sama da 80. Manya sun je jaje, an yi alkawura. Cikakken rahoton yana hannun wa a cikinku? Idan na Kaduna bai zo hannunmu ba, na Monrovia ne zai zo? Har jirgin dakon mai sukutum, African Pride, ya taɓa ɓata a hannun sojojin ruwan da ke tsaronsa a 2004.

Barista 'Yar Gangare:
Wannan na jirgin, Alhaji, ai misali ne a gare ni, ba a gare ka ba. Saboda jaridu da majalisa sun ƙi sakin maganar, an gurfanar da manyan hafsoshin ruwa a kotun soja, aka kori biyu a farkon 2005. Ɗayansu ya je har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin saboda yadda aka kafa kotun. Ko ba komai an yi shari'a a fili, akwai takardar da ɗalibin lauya zai ɗauka ya karanta yau.

Ga abin da nake ganin za mu iya. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma doka ta ba su kwana 7 su amsa. Gaskiya ne ta ba da damar a hana abin da zai cutar da tsaron ƙasa, amma ta ce idan maslahar jama'a ta fi cutarwar nauyi a bayar, kuma wanda aka hana yana iya zuwa kotu. Ba za mu tambayi inda jirgi yake ba. Za mu tambayi adadi da sunayen sojojin da suka rasu a Laberiya da Saliyo da inda aka binne su, da ƙasashen da sojojinmu suke a yanzu da ranar da Majalisar Dattawa ta amince da kowanne. Kwafi ɗaya Ma'aikatar Tsaro, ɗaya kwamitin tsaro da na sojin ruwa a majalisun biyu, ɗaya sanatan Filato ta Arewa. Ni zan rubuta kyauta.

Alhaji na Katako:
Ba za su amsa ba, Barista. Amma kuɗin buga takarda da na aikawa na ɗauka.

Maman Yara (Rikkos):
'Yata, ki sa sunana a farko. Takardunsa duk suna nan, har lambarsa ta aiki. Akwai wasu mata a Unguwar Rimi da Tudun Wada da muka yi zaman bariki tare, Musulmi da Kirista, zan kira su in ji ko za su yarda.

Ƙanin Sojan Ruwa (Bauchi Road):
Ni ba zan sa hannu ba, saboda yayana yana cikin aiki kuma sunanmu ɗaya. Ku fahimce ni. Amma Barista, ki ƙara tambaya a kan inshorar rai ta sojojin da ke bakin aiki yanzu, ko ana biyan kuɗinta a kan lokaci. Wannan ita ce ke hana matarsa barci.

Barista 'Yar Gangare:
Na fahimce ka, kuma na ƙara. Baba, ina buƙatar sunayen bataliyoyin da ka sani da shekarun da suka je, don kada a ce tambayar ta yi faɗi a yi watsi da ita.

Baba Samanja (Hanyar Rukuba):
Ba a nan zauren ba, 'yata. Ki zo gida ranar Asabar bayan la'asar, zan kira mutum biyu da muka yi Saliyo tare, ɗayansu ma'aikacin jinya ne, ya fi ni riƙe sunaye. Malam, kai ma ka zo da abin rubutu.